Kwalin Dabinon da Ya Rufe Shagon Ammi

A lokacin ina da shekara talatin da biyu, ina tsare shagon dabino a gindin dutsen Uhudu, kuma ina jin babu wanda ya fi ni dabarar kasuwa. Mai shagon wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Madina, iyayensa daga Sudan suka zo. Ammi nake ce masa, wato baffa. Shi ne kafilina, da sunansa takardar zamana take, kuma bai taɓa bincikar aljihuna ba.

Da aka yi masa aikin ido sai ya bar mini shagon wata biyu. Ciniki ya ja baya, ni kuma ina son ya dawo ya yaba mini. Na taɓa ganin wani babban kanti a unguwar Aƙiƙ ya ajiye mota ana jefa ƙuri'a a kanta, sai na ce ai ni ma zan iya. Na sayi waya mai kyau na rataye don wanda ya ci, na yanka takardu masu lamba, duk alhajin da ya ƙara riyal goma sai ya rubuta sunansa a jefa cikin kwalin dabino. Tunda ba ni da niyyar maguɗi, ban ɗauke shi caca ba. Maƙwabcina ɗan Cadi ya ja ni gefe ya ce wallahi wannan mamnu'i ne, wato doka ta hana, in cire kwalin tun kafin a gani. Na ce hassada ce ke damunsa.

Ana saura kwana uku a buɗe ƙuri'ar, wani mutum mai farar jallabiya ya tsaya ya karɓi takarda, bai rubuta suna ba. Ya tambaye ni ina tasarihin, wato takardar izini. Ashe ma'aikacin hukuma ne. Na kawo masa zancen kantin Aƙiƙ, ya ce su da izini suke yi, da wakilin hukuma a wurin, kuma ba a sayar wa kowa lamba. Ya ce akwai ƙasashen da gwamnati ke ba da lasisin irin wannan, har ta gudanar da shi da kanta, amma a nan wanda ya karɓi kuɗi don a gwada sa'a, caca ya buɗe. Ya ɗauki hoton kwalin da lasisin shago, ya ce mai shi ya zo ofishinsu.

Kwana biyu ina zagaye gidan Ammi a unguwar Jurf na kasa shiga. Tsoron kora nake yi, ga 'ya'yana uku a gida suna cin gumina. Da na faɗa masa, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kai shi ofishin da bandeji a ido, ya ce shagonsa ne, shi ya yi sakacin barin wanda bai san doka ba. Aka ci shi tara, aka manna takardar rufewa a ƙofar shagon da ubansa ya bar masa. Ni aka bar ni da gargaɗi.

A hanyar dawowa abu ɗaya ya tambaye ni, ko zan iya mayar wa kowa riyal gomansa. Na ce ba zan iya ba, domin alhazan sun riga sun koma Kano da Zinder da Kumasi. Ya ce mini to wannan matsala ba ta hukuma ba ce, taka ce.

An buɗe shagon daga baya, Ammi ya sake ba ni makulli, abin da ya fi zagi yi mini ciwo. 'Yan'uwa masu aiki a ƙasar mutane, kada ku kwaikwayi abin da kuka hango ba ku tambayi ƙa'idarsa ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta hana caca zama caca. Na yi sadaka da kuɗin da sunan masu shi, amma kwalin yana ɗakina har yau, cike da sunayen baƙin Manzon Allah da suka yarda da ni.