Littattafan Rubutu Bakwai na Malam Uzairu

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairun 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Uzairu Hassumi Maraɗi a nan Alƙahira, bayan jinyar kwana shida. Na Allah muke, kuma can za mu tarar da shi. Mako uku ke nan, amma har yau in na sauka daga mota a unguwar Hay el-Sabi' sai ƙafata ta nufi gidansa kafin hankalina ya dawo.

Malam, kai ka tarbe ni a shekarar da na zo karatu daga Katsina ban san kowa ba. Ka kwantar da ni a falonka wata biyu, ka bi ni layin neman iƙama, takardar izinin zama, har sau huɗu, matarka Azara kuma ba ta taɓa zuba tuwo ba tare da nawa kwanon ba. A kan wannan tuwon na fara jin maganar mutanenka. Ka nuna masara da tumatir da barkono, ka ce daga ƙasar Meziko suka fito, muna cin abincin mutane ba mu taɓa tambayar sunansu ba.

Daga nan ba mu sake hutawa ba. Ka dawo daga aikin fassararka a unguwar Mohandessin, ka zaunar da mu kana ba mu labarin ƙabilar Toltek da birninsu Tula, da Aztek da suka gina birni a tsakiyar tafki, da abin bautarsu, maciji mai gashin tsuntsu, wanda har yau harshena bai iya sunansa ba. Muna tsokanarka da Sarkin Aztek, kana dariya. Na tambaye ka me ya haɗa mai digirin Usuluddin da masu yanka mutane don rana ta fito. Ka ce mas'alar ahlul fatra ce ta kai ka, wato mutanen da saƙon annabawa bai iske ba. Ka ce kowa yana yanke musu hukunci a layi biyu, kai kuwa kana so ka san su tukuna.

Sau ɗaya na ga hawayenka, ranar da kake faɗa mana yadda Sifaniyawa, bayan sun ci birnin Aztek a 1521, suka tara littattafan mutanen suka cinna musu wuta saboda zane-zanen gumaka. A lokacin na ɗauka abin ya yi maka yawa. Allah Ya yafe mini.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ka san al'adarmu a nan: in ɗalibi ya rasu, mukan kwashe littattafansa mu ajiye a ɗakin karatun ɗalibai, su zame masa sadaka mai gudana. Mun kwashe na fiƙihu da tafsiri ba gardama. Sai muka iske littattafan rubutu bakwai da hannunka, tarihin mutanen nan da Hausa, kowane shafi da zanen abin bautarsu, ka kwafa da jan biro da baƙi. Ukasha, amininka da ya yi maka wanka, ya ce waɗannan ba sa shiga sadaka, kuma yana tsoron su zame maka nauyi a kabari. Ya ce mini, "Khalas, shi ke nan, Sada, a ƙona su. Don shi nake faɗa." Yana faɗa yana kuka, kuma na san ba ƙiyayya ba ce.

Na tambayi malamai biyu, na dawo da amsa biyu. Na duba shafin ƙarshe ko ka bar wasiyya, na tarar ka tsaya a tsakiyar jimla. Har na hau saman bene da ashana, sai na tuna fuskarka a ranar nan, na ga kaina a layin waɗanda ka yi kuka saboda su. Na sauko ban san ko tsoron Allah ne ya sauko da ni ko son zuciya ba.

Na je wa Azara da maganar, tana takaba, muka yi magana ta bayan labule. Ta ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, Sada, ni ba malama ba ce. Amma shekara tara yana rubutun nan. In Ummul-Khairi ta girma ta tambaye ni me babanta ya zauna yi a Masar, toka zan nuna mata?"

Na yi mata sallama na dawo ɗakina. Littattafan suna saman kabad ɗina, a naɗe cikin rawaninka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Azara da 'yarta Ummul-Khairi, da mahaifiyar Malam, Hajiya Sabuwa, a Maraɗi, da Ukasha, da dukan 'yan'uwa na Nijar da Nijeriya a nan Alƙahira. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Uzairu, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da gidan da ya fi wanda ya saukar da mu a ciki. In akwai alheri a rubutun nan, Ka kai masa ladan. In kuma ajiye shi kuskure ne, ya Allah, ni Sada na ajiye, ba shi ba.