Kantar da Malam Ya Kafa Mini

Ni ba na sallah hotuna suna kallona. Da muka tare a Gada Biyu, sai Malam, mijina, ya samo siririn katako, ya yi masa ɗan baki kada hoto ya zame, ya kafa mini kanta daidai tsayina.

Na ce, "Malam, ai ta karkace."

Ya ce, "Hajiya, tela kika aura, ba kafinta ba."

Da an kira sallah sai in juya hotunan, in na idar in mayar.

Bara ya rasu. Ɗanmu ya so ya cire kantar ya sa sabuwa, na fashe da kuka, ya bari. Yanzu hoton Malam yana kanta. Shi nake fara juyowa bayan sallama.