Jan Tabo a Wuyan Inna

Matata ta haihu Inna tana asibiti, can nesa da gida. Inna mahaifiyata ce, ta daɗe da ciwon maƙoƙo, sai likitoci suka ba ta wani magani na haɗiya, suka ce zai zauna a wuyanta yana ƙone cutar da tururin nukiliya. Sharaɗin da suka gindaya shi ne kada ta ɗauki jariri, kada ta zauna kusa da shi, har sai ƙarfin maganin ya ragu.

Wanda ya san Inna ya san an yi maganar banza. Tun da muka shiga mota take mita.

"Mi ag gare ni? Kuturta? Jikan hwari ne hwa! Ni ban ga mai hana ni ɗaukar mijina ba."

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Tsoro nake ji, don na san muna sauka Maiyama za ta wuce ɗakin mai jego ta rungume yaron, kuma babu mai iya ɓamɓare shi daga hannunta.

Mun wuce Aliero, warin albasa bai gama fita daga motar ba, sai wani mai farar hula ya ɗaga mana hannu. Na ɗauka masu binciken takardu ne, har na haɗe rai. Ashe malaman kimiyya ne. Sun girke wata na'ura a gefen hanya, tana ɗaukar hoton tururin nukiliya a jikin motoci suna cikin gudu. Manyan motocin tsofaffin ƙarafa masu shiga Jega suke dubawa, ko wani abu mai haɗari ya ɓuya a cikin kaya. Tun safe ba ta ga komai ba sai a tamu.

Babbarsu, wata mace mai tabarau, ta ji bayanina, ta ce ba komai. Amma Inna ta riga ta fito, ta ce sai ta ga abin da ya sa aka tsayar da ita. Matar ta juyo mata allon. Ga motata nan fes, ga inuwar mutum a kujerar baya, ga wani jan tabo daidai wuya.

"Wanga ni ta?"

"Ke ce, Inna. Maganin ne ke fitowa."

"Ta cikin ƙarhen mota?"

"Ta ciki."

Inna ta shafa wuyanta. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta koma mota. Har muka wuce Jega tausayinta ya hana ni duban madubi.

Da muka isa gida mata suka taso da guɗa, ƙanwata ta nufo ta da jaririn. Inna ta ja da baya har ta jingina da bangon rumbu, ta mai da hannayenta biyu baya ta riƙe.

"Tsaya nan! Ɗaga mani shi."

Aka ɗaga shi daga can tsakar gida. Ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido.

"Kai, wanga miji bai yi mani ba. Dubi hanci! Ku mai da shi ɗaki, ban so."

Kowa ya yi dariya. Ni da nake gefenta na ga hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, don ta ƙi sakin hannayen.