Hannun Maƙerin Wuse

Ni na karya hannun maƙerin Wuse, kuma har na tsufa ban sami wanda zan ɗora wa laifin ba. A lokacin Wuse ƙauyen Gwarawa ne, kunyoyin doya ta ko'ina. Ni da yayana baƙi ne, mun zo wankin zinariya a rafin da ke bayan Jabi. Rani guda muka yi a tsugune cikin ruwa muna juya yashi a akushi, har fatar yatsunmu ta saɓule. Abin da muka tara bai cika 'yar kwalbar turare ba, amma mun auna shi, ya yi nauyin tsabar sisi biyu cif.

Mai saye ba ya karɓar gari sai an narke, don haka muka kai wa wani dattijo Bagwari mai ƙera awarwaro da 'yan kunne. Ya zuba a ɗan kasko, ya barbaɗa kanwa, ya yi ta zuga wuta, mu kuwa ko ƙiftawa ba ma yi. Da ya juye, sai ga ɗan dunƙule kamar ƙwayar gurjiya. Muka ɗora a ma'auni, sisi biyun nan suka rinjaye shi nesa ba kusa ba.

Na ce, "Baba, ina sauran?"

Ya ce, "Ƙasa ne a ciki, ɗana. Wuta ya cinye shi."

Ni dama zuciyata a kusa take. Na shaƙo wuyansa, na haɗa kansa da bango. Yayana ya yi ƙwallo da zuga-zugin, garwashi ya watsu, sannan ya zazzage wa dattijon aljihu. Na cusa yatsu a bakinsa ina laluben zinariya, jini kawai na fito da shi. Rashin ganin komai ya ƙara tunzura ni. Na danne hannunsa na dama a kan uwar maƙera, na ɗauki masabarsa, na sauke sau biyu. Na ji ƙarar ƙashin. Bai yi ihu ba, matarsa ce ta yi.

Manoma suka yo kanmu da fartanyoyi. Ɗaya ya tsarga wa yayana kafaɗa, na ja shi muka faɗa daji, ana jifanmu har bakin rafi.

Da rani ya zagayo muka koma wanki can gaba, na rantse babu maƙerin da zai sake taɓa mana zinariya. Na auna garin, na narke da kaina, babu kowa kusa. Ya ragu kamar na bara, ga baƙin datti manne a gindin kasko. Na zauna a ƙasa, kunya ta rufe ni, na kwana uku ban iya cin abinci ba.

Na koma Wuse ni kaɗai. An rufe maƙerar da zana. Na same shi a gindin ɗorawa, hannun ya ƙandare, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ya gane ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini," na miƙa masa dunƙulen duka.

Ya karɓa da hagu, ya ɗaga shi a rana, ya karce da haƙori.

"Wuta bai ishe shi ba, da sauran ƙasa," in ji shi. "Da na gyara maka, ɗana. To da wane hannu?"