Zauren Kawu Sule Marar Rufi

Ku da kuka san Kawu Sule magini, ƙanin mahaifiyata, kun san ba ya wuce bango bai ƙwanƙwasa shi ba. Sai ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba zai ga jikoki ba." Ranar da muka je nema wa yayana aure a Sara ma sai da ya ƙwanƙwasa katangar surukai, a gaban uban yarinya! Kunya kamar ƙasa ta tsage mu shige.

Abin ya samo asali ne tun farkon samun 'yancin kai, da ya yi aikin kwalbati a hanyar Gwaram tare da wani Bature ɗan ƙasar Ireland. In kewar gida ta taso wa mutumin, sai ya tsuguna ya zana cocin ƙauyensu a ƙasa da tsinke. Ginin dutse ne zalla tun na kaka da kakanni, da siririyar taga mai kallon gabas da 'yar gajeriyar ƙofa. Rufin ya daɗe da zubewa, amma bango na nan daram, iyayen Baturen na binne a gindinsa. Bature ya koma ƙasarsu, ya bar Kawu da kewar wurin da bai taɓa gani ba.

Wata rana Liman ya gaji ya ce, "Malam Sule, kullum zancen coci, kai da kake sahun gaba?"

"Allah gafarta Malam, ni ginin nake so. Wanda ya halicci dutsensu ai shi ya halicci namu na nan Fagam."

Da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya koma bulo da kwano, shi kuwa ya kora jakinsa gindin dutse. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka ya ce zai gina zauren da za a riƙa tunawa da shi. Da ya ɗora dutse sai ya shafa shi ya ce, "Ɗana yana girma."

Ƙofar fa? Iyakarta ƙirjin mutum! Wani Alhaji ɗan kwangila ya zo daga Birnin Kudu yana rangaji da babbar riga, bai sunkuya sosai ba ya gwara goshi, hula ta yi nata wuri. Kawu ko sannu bai ce ba.

"Haka ake so! Na can ma sai sarkinsu ya sunkuya."

Rufi kuwa ya ce atafau ba zai yi ba. Matarsa, Inna Hajo, ta yi mitar duniya.

"Malam, ruwa ya jiƙa mini dawa!"

"Hajo, na can ma ba shi da rufi."

"To na can ɗin dawa suke ajiyewa a ciki?"

Bayan rasuwarsa muka kawo kwano za mu rufa zauren, mu ga mun share mata hawaye. Sai ta fito ta tare 'yar ƙofar nan ta ce, "Ku bar masa ɗansa yadda ya bar shi."

Bara na je Fagam, zan shiga zauren na manta ban sunkuya sosai ba, hulata ta faɗi. Na tsaya ina jiran in ji an ce haka ake so. Shiru. Wallahi na yi kewarsa har na kasa ɗaukar hular.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya haskaka makwancinsa, ya gina masa gida a Aljanna wanda zai ƙwanƙwasa ya yi murmushi.