Malama Batula da Ɗakin da Aka Kwashe

Kafin a kaɗa ƙararrawa Malama Batula Sambo ta riga ta iso makaranta. Ba ofis take fara shiga ba. Wani ɗaki ne a ƙarshen azuzuwa, nan za ta buɗe, ta ɗaga tagogi, ta bi akusa da ƙore da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa ƙarƙashin taskira ko gara ta yi mata ɓarna. Sai ta gama sannan ta ɗauki alli. Haka ta yi tun tana ƙaramar malama a Kebbe, har aka dawo da ita Tambuwal da kayanta cikin buhuna, har watan jiya da ta ajiye aiki.

Yadda ta tara kayan nan kuwa, ba kowa zai iya ba. In tsohuwa ta rasu a Jabo ko Sanyinna, Malama za ta hau kabu-kabu ta je gaisuwa. Ba ta cewa komai sai an share makoki an zo rabon kaya. Abin da magada suka ture gefe, mazari ne, tsohon ludayi ne, tulun da ya tsage ne, shi za ta durƙusa ta roƙa. An yi da ita har an gaji. Wai mai kwaɗayin kayan matattu. Kayan da kuka ce a kai juji, shi ne kwaɗayi? Haba jama'a!

Zahara'u, wadda ta yi karatu a hannunta, yanzu tana aikin jinya a Kebbe, ta ba ni labari. Ta ce Malama ba ta taɓa cewa kar a taɓa ba. Sai ta miƙa maka abu ta ce, "Riƙa, ɗiyata, ji nauyinai. Kakarki da wanga tat tufatar da gidanku." Daga nan kowane yaro sai ya yi wa abin da ke hannunsa baiti biyu, ita ta gyara, aji ya amsa. Zahara'u ta rera mini wanda Malama ta yi musu, ba ta manta ko kalma ba:

Mazari ɗan ƙarami mai juyi,
Kai ka suturta kakan kowa.

Ke ce, Malama, kika koya wa 'ya'yanmu cewa iyayensu ba da hannu biyu suka zauna ba. Uwar ɗaki, mai tsince abin da gari ya yar.

Yanzu ku ji sakayyar da aka yi mata.

Da ranar sallamarta ta matso, aka kafa kwamitin biki, aka ba wani malami, Ɗangiwa, shugabanci. Ya duba ya ga babu inda za a jibge kujerun haya da katan-katan na lemo, sai ya sa aka karɓi mabuɗin ɗakin, aka kwashe kayan kaf aka zube bayan makaranta, kusa da inda mata suka kafa murhu. Ita tana gida ana yi mata lalle, ba wanda ya gaya mata. A cikin kayan akwai masaƙar Dogo, masaƙin Sanyinna na ƙarshe, wadda iyalinsa suka ba ta amana. Itace ya ƙare wa masu girki. Suka waiga suka ga busassun sanduna a gefe. Ba laifinsu ba ne, wa ya gaya musu? Suka karya suka tura ƙarƙashin tukunya.

Wallahi ina rubutun nan raina yana tafasa. Aka yi jawabai, aka kira ta uwar tarihi, aka tafa, aka miƙa mata kular roba a naɗe cikin takarda mai walƙiya, aka ci shinkafa aka sha lemo.

Da taro ya watse ta zagaya baya ta gani. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba. Ta tona tokar da sanda, ta ciro ƙoshiyar masaƙar rabi a ƙone, ta juya wajen Ɗangiwa.

"Malam, mi za ni ce ma ɗiyan Dogo in sun tambaye ni?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, ai tsohon icce na. Kuma ɗakin ga dama sito muka son mai da shi."

Tsohon icce! Mutumin da ke koyar da yara ne ya faɗi haka, bai ko ji kunya ba.

Washegari ta sa aka kwaso sauran a amalanke zuwa gidanta. Ɗakinta bai ɗauke su ba, yawancinsu suna tsakar gida ƙarƙashin rumfar kara. Duk Asabar yara suna zuwa, tana miƙa musu, suna rerawa. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ƙwarya da taskira ba sa jure ruwa. Damina ɗaya ta ishe su.

Malama Batula, mun gode. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ku malamai masu tasowa, ga hanya nan ta nuna muku, ku bi.

Mu kuwa mutanen Tambuwal da Kebbe, addu'a ba ta rufe ɗaki. Malama ta ba da fili a ƙofar gidanta don a gina wa kayan ɗaki. Mai kwanon rufi ya kawo kwano, mai azara ya kawo azara, mai ƙarfi ya zo kwaɓa ƙasa ranar Asabar. Waɗanda suka ci shinkafar nan su ya kamata su riga kowa zuwa, don yanzu sun san da itacen da aka dafa ta.