Ranar da Jar Sanda ta Zama Biyu

Ba zan manta da ranar da sandarmu ta zama biyu ba. Ku yaran da muke rubuta manhaja tare kuna cewa tsohon nan ya cika tsoro, to daga nan na samo tsoron.

Lokacin arzikin mai ne, tun ban taɓa ganin kwamfuta ba. Ina akawu a wani kamfani da ke zuba kwalta daga Jibiya zuwa bakin iyakar Nijar. An rufe babban titi, an yanka wata siririyar hanya ta bayan tudu, mota ɗaya kawai take ci, kuma wanda ya shiga ba ya hango mai tahowa. Aka sa mai gadi a kowane baki: Malam Ila ta wajen Jibiya, Baba Na'Allah ta wajen iyaka. Ba rediyo, ba waya, sai jar sanda guda ɗaya. Wanda take hannunsa shi ke ɗaga shinge. In ya gama sakin motoci sai ya ba direban ƙarshe ya kai wa ɗaya mai gadin. Isowar sandar ita ce saƙon cewa hanya ta zama wayam.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Malam Ila ya ba wani mai akori-kura sandar. Ashe mutumin ya ratse daji zuwa ƙauyensu don sauke buhuna, sandar na kan kujera. Mu da muke wajen Malam Ila muna jiran Baba Na'Allah ya maido, shi yana jiran mu aiko. Rana ta take, layi ya miƙe, direbobi suka fara zagi.

Foman ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, Bala, mutum ne mai hankali, ba zan ci namansa ba. Ya ce, "Baba Ila, ina jin sandar nan ta faɗi a hanya."

Malam Ila ya ce, "Ni ma haka ni gani. Ɗana Garba na can ƙetare da lodin shanu da mutane, tun sahe yaka tsaye cikin ranag ga. A yi wata a kai masu, su samu su wuto."

Aka saro reshe, aka shafa masa jan fenti. Malam Ila ya ɗaga shinge da hannunsa, wata tirelar siminti ta shiga gaba.

A daidai lokacin mai akori-kura ya dawo kan hanya, ya miƙa wa Baba Na'Allah sandar asali. Tsohon ya yi abin da aka koya masa, ya buɗe. Garba ne farkon layi.

Daga inda muke muka ji ƙarar. Da muka isa kwanar tudu, kan motar Garba ya shige cikin tirela, shanu na birgima da karyayyun ƙafafu, mutane na salati. Malam Ila ne ya fara gane motar. Garba bai fita da rai ba. Bai yi kuka ba, ya zauna a ƙasa kawai. Har yau in na tuna zaman nan nasa, zuciyata sai ta yi nauyi.

Da aka zo bincike, aka rasa wanda za a kama. Kowane mai gadi da sanda a hannu ya buɗe.

Daga baya kamfanin ya tura ni koyon kwamfuta, na tarar da hanyar nan a cikin harsunan manhaja: ayyuka da yawa na gudana lokaci guda, abin da suke so guda ne, ba mai ganin wani, sai saƙo da suke miƙa wa juna. Na kuma gane mutanen kirki ne ke yin irin wannan ɓarna, don gajiya da jira da tausayin mai jira. Shi ya sa in ɗayanku ya rubuta cewa saƙon da ya yi jinkiri a ɗauka ya ɓace, a ƙirƙiro wani, nakan tsare shi da tambaya: to in na farkon ya iso fa? Na Malam Ila ya iso.